Dillalin Hannun Jari da Amanar Jama'a

Jawabinmu na yau ya shafi dillalan hannun jari, musamman samarin cikinsu masu son su kwana talakawa su wayi gari attajirai, da kuma yadda mai ɗan jari zai tsare dukiyarsa.

Kowa ya san aikin dillali a kasuwar shanu. Yana tsakanin mai saye da mai sayarwa, halalinsa kuwa la'adarsa ce kaɗai. Haka dillalin hannun jari yake tun da aka kafa kasuwar hannun jari ta Ikko cikin 1960. Sai dai mai sayen sa yana ganin sa da idonsa, mai sayen hannun jari kuwa lambobi kawai yake gani. Saboda haka duk cinikin a kan amana yake tafiya.

Ga misalin abin da kan faru idan amana ta ɓaci. Cikin 1989 wani saurayi a Amurka, Jordan Belfort, ya kafa kamfanin dillanci mai suna Stratton Oakmont, ya tara samari masu zaƙin baki. Sai su sayi hannun jarin ƙananan kamfanoni da araha, su ɓoye. Daga nan su duƙufa buga wa mutane waya, suna rantsuwa cewa farashi zai hau. Da mutane suka yi rububin saye, farashi ya hau, sai su sayar da nasu, su bar bayin Allah da takardun banza. Ramin ƙarya ƙurarre ne. An rufe kamfanin cikin 1996, Belfort ya amsa laifinsa cikin 1999, ya yi wata 22 a kurkuku, aka kuma umarce shi ya biya diyyar dala miliyan 110.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. A nan Nijeriya, kafin 2008, bankuna sun yi ta ba dillalai da jama'a rance don sayen hannun jari, har farashi ya wuce ƙimar kamfanonin nesa ba kusa ba. A watan Maris na 2008 darajar kasuwar ta haura naira tiriliyan 12. Kafin shekara ta zagayo ko rabin haka ba ta kai ba. Ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka tafka hasara, ga bashi a wuya. Cikin Agusta 2009 Babban Bankin Nijeriya ya sauke shugabannin bankuna biyar, irin wannan rance kuwa yana cikin abin da ya durƙusar da su.

To, mugun dillali ba ya kama kowa sai da ƙugiyar kwaɗayi. Don haka a kiyaye abu huɗu. Na farko, kada ka ba kowa kuɗinka sai ka tabbata yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar. Na biyu, ka riƙa duba bayanin asusunka daga kamfanin CSCS mai ajiye lissafin hannun jari, domin an sha samun dillalan da suka sayar da kayan mutum ba da izininsa ba. Na uku, duk wanda ya yi maka alkawarin riba tabbatacciya, ko ya ce in ba ka saya yau ba ka makara, guje shi. Na huɗu, kada ka ci bashi, ko ka taɓa kuɗin cefane da na makarantar yara, don sayen hannun jari.

Ku kuma samari dillalai, sana'arku mai daraja ce, ta hanyarta kamfanoni ke samun jari, matasa su sami aiki. La'ada ta halal tana taruwa sannu a hankali, amma sunan da ya ɓaci ba ya gyaruwa. Kada garin neman gira a rasa ido.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya tsare mana dukiyarmu, amin.