Girman Mazubi da Ƙishirwar Shuka: Lacca kan Noman Kayan Miya cikin Tukwane a Iferwan

Shukar da ke cikin tukunya ba ta da wata dukiya sai ƙasar da aka zuba mata. Wadda ke garka, in ƙishi ya matsa mata, takan tura saiwa can ƙasa ta bi danshi. Ta cikin mazubi kuwa iyakarta bangon mazubin. Don haka a gari irin Iferwan, zaɓen girman tukunya zaɓe ne na yawan ruwan da shuka za ta riƙe daga ban-ruwan safe zuwa na yamma.

Iferwan na gindin dutsen Tamgak, a arewacin duwatsun Abzin, cikin jihar Agadas. Ruwan sama kaɗan ne, yawancinsa a watannin Yuli da Agusta, wata shekarar ma sai dai a ga hadari ya wuce. Garkunan bakin ƙorama da rijiya suka dogara. Tun kaka da kakanni raƙumi ko sa ke jan guga a kan abin da Abzinawa ke kira tekarkart, yanzu kuma injin ban-ruwa ya shigo. Alkama da masara da albasa da tafarnuwa da tumatir duk suna yi a ƙarƙashin dabino. To amma garka sai mai fili da rijiya. Malamin makarantar da aka turo daga kudu, da ma'aikaciyar asibiti, da tsohuwar da ƙafa ba ta kai ta bakin ƙorama, duk suna da tsakar gida, suna kuma da tukunyar miyar da ke jiran ganye. Noman tukwane nasu ne.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙasa mai yashi da yawa, irin ta bakin ƙorama, ruwan da take riƙe wa saiwa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na yawanta ba. In an cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki yakan ƙaru, ya doshi kashi biyu. Ke nan gwangwani mai cin lita 5 na ƙasa yana ajiye rabin lita zuwa lita guda, bidon mai lita 20 kuwa yana ajiye lita 2 zuwa 4. Tumatirin da ya girma ya fara 'ya'ya yana iya shan lita 2 zuwa 3 a yini mai zafi da iska. Wanda aka dasa a gwangwani, ruwansa ya ƙare tun kafin azahar. Sai a tarar da ganyen ya lanƙwashe ya rataya kamar kunnen akuya, gefen ƙasar ya janye daga jikin gwangwanin har yatsa na shiga. Da yamma a ba shi ruwa ya farfaɗo, gobe a maimaita. Wannan jeka-ka-dawo tsakanin ƙishi da ƙoshi shi ke sa fure ya zube, shi ke tsaga 'ya'yan, shi ne kuma ke janyo baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin tumatir, domin sinadarin kalsiyam ba ya isa ga ɗan sai ta hanyar ruwa mai tafiya ba yankewa. Da yawa sukan ɗauka cuta ce su nemi magani, alhali laifin na mazubi ne.

Masana sun auna abin. A shekarar 2012 Hendrik Poorter da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 65 da aka yi kan tsirrai iri-iri, suka gano cewa in an ninka girman tukunya sau biyu, nauyin shuka na ƙaruwa da kimanin kashi 43 cikin ɗari. Saiwar da ta ji bango takan sa ganye ya rage aiki, ko da ruwa da taki sun wadata.

Yana da kyau mai shuka ya san cewa ido na ruɗi wajen ƙiyasta mazubi. Tukunya mai faɗin baki santimita 20 da zurfi 20 tana cin lita 6 da ɗan wani abu. Mai faɗi 30 da zurfi 30 tana cin lita 21. A ido bambancin bai kai taƙi guda ba, a wurin saiwa kuwa ya haura ninki uku.

Ganyaye su ne masu sauƙin hali. Salati da alayyafo da lansir saiwarsu a sama take, zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe su, abin da suke so faɗi ne. Tsohuwar roba ta wanki ko bidon da aka tsaga a kwance ya fi musu bokiti mai zurfi. A kan wannan aka gina ƙananan lambunan birnin Dakar, waɗanda hukumar FAO da gwamnatin Senegal suka fara a 1999: tebur ne marar zurfi, aka cika shi da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa, ana cire salati da na'ana'a a kan rufin gidaje. Sai dai Dakar na bakin teku, iskarta da laima. A busasshiyar iskar Abzin, mazubi marar zurfi yana bushewa cikin sa'o'i kaɗan, don haka gara a ƙara wa kowane awo na littafi kamar santimita 5, a kuma ajiye shi inda inuwar bango ke sauka da rana tsaka.

Na'ana'a, wadda shayi ba ya cika sai da ita, a ba ta mazubinta ita kaɗai, lita 5 zuwa 10. In an haɗa ta da wata shukar, jijiyoyinta na mamaye wurin. Albasa da tafarnuwa na son zurfin santimita 20 zuwa 25 da tazarar kamar santimita 10 tsakanin kai da kai. Karas kuwa zurfi yake nema, santimita 30 ko fiye. In ya taɓa gindin mazubi da wuri sai ya lanƙwashe ko ya rabu biyu.

Masu 'ya'ya su ne ake yawan cuta. Tumatir da yalo da kuɓewa, kowane tushe ɗaya bidon guda mai lita 20 ko 25, a yanke bakinsa a bar shi a tsaye. Tattasai da barkono na iya haƙuri da lita 10 zuwa 15. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tausayin dashe: tsiro uku sun fito da kyau, mai shi ya kasa cire biyu, sai ukun su raba ruwan da ɗaya ma da ƙyar ya ishe shi. Tushe ɗaya lafiyayye ya fi ukun nan haihuwa. Zogale, ga mai son ganyensa a gida, rabin ganga mai lita 200 yake buƙata, a riƙa sare kansa don kada ya yi tsawo.

Abin da aka ƙera mazubin da shi yana canza lissafi. Baƙar roba da ƙarfe in rana ta buge su a watan Mayu, ƙasar da ke jikin bangonsu kan ɗau zafin da ke kashe ƙananan saiwoyi, sai ya zama mazubi mai lita 10 rabinsa kawai ke aiki. Maganin shi ne a naɗe shi da tsohon buhu ko tabarmar kaba, ko a shafa masa farar ƙasa. Tukunyar yumɓu tana gumi, gumin kuma na sanyaya cikinta. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, wani malami a arewacin Najeriya, ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya ta adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Amma sanyin nan da ruwa ake sayensa, don haka tukunyar yumɓu a Iferwan sai ta fi ta roba girma kafin su yi kunnen doki. A daren hunturu na Disamba da Janairu ma babban mazubi ya fi riƙe ɗumin rana.

Girma ma yana da iyaka. Bidon mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai kilo 25 zuwa 30, rabin ganga kuwa in an cika shi ya zauna ke nan. Ƙaramin tsiro a cikin ƙaton mazubi kuma ba ya shanye ruwan, a lokacin sanyi saiwarsa na iya ruɓewa. A rene shi a gwangwani, in ya yi ganye huɗu zuwa shida a dasa.

Kowane mazubi sai an huda gindinsa, huji huɗu ko biyar masu faɗin ɗan yatsa. Ruwan rijiya na ɗauke da gishiri ko yaya, rana ta kwashe ruwan ta bar gishirin, shi ne farin ɓawon da ake gani a bakin tukunya. Ƙaramin mazubi ya fi saurin tara shi. Duk bayan mako biyu ko uku a yi ban-ruwa mai yawa har ya zubo ta ƙasa ya wanke shi.

Tun da haƙar zinariya ta kankama a Jado da Cibarkaten a 2014, ganguna da bidoji sun yawaita a kasuwannin arewa, kuma ba kowanne aka san abin da ya ɗauka ba. Wanda ya taɓa cin maganin ƙwari, ko baƙin mai, ko sinadaran wanke zinariya, kada a shuka abin ci a cikinsa, komai girmansa, komai wankin da aka yi masa. Bidon man girki shi ya fi aminci, kuma lita 20 ɗin nan tasa ita ce daidai tushen tumatir ɗaya.