Ƙiba, Ciwon Gwiwa da Dabarar Ɗaure Cinya: Jawabi ga Malaman Reshen Ringim

 

Muna godiya da aka ba kwamitin walwala wannan dama. Abin da ya tsayar da mu a gabanku yau magana ce ta gwiwa, gwiwar da malami yake tsayawa a kanta gaban allo tun daga safe har a tashi makaranta. A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta zartar da dokar da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Mun yi murna da ita, domin Ƙungiyar Malamai ta Najeriya ta daɗe tana neman haka. Sai dai doka tana iya ƙara wa mutum shekarun aiki, ba ta iya ƙara masa ƙarfin ƙafa. Kowa a cikinmu ya san abokin aikin da a yau yake koyarwa a zaune, ko yake salla a kan kujera, alhali bai cika hamsin ba.

Mun taso ana kallon ƙiba a matsayin alamar jin daɗi. Idan malami ya yi tumbi sai a ce albashi ya karɓe shi. Waɗanda suka koyar da mu a keke suke zuwa makarantun ƙauyukan Ringim da Taura, mu kuwa a babur muke zuwa, mu dawo mu zauna a majalisa da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. Ma'auninta lissafi ne da malamin firamare zai iya yi a allo: a ninka tsawon mutum na mita da kansa, a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 90 zai sami 31. Daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 an shiga ƙibar da likitoci suke ɗauka cuta.

Gwiwa ce take fara biyan wannan bashi. Masu bincike sun auna cewa kowane kilo ɗaya na jiki yana ɗora wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Abin da yake kare gwiwa shi ne tsokar cinya, ita kuma tana raguwa a hankali da zarar mutum ya haura shekara talatin, sai fa in ana aiki da ita. A nan mai ƙiba yake shiga tsaka mai wuya. Don tsoka ta ƙaru, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a ɗaga kimanin kashi 70 cikin ɗari na mafi nauyin abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya. Gwiwar da take ciwo ba za ta jure wannan ba. Sai mutum ya daina motsi, tsoka ta ƙara raguwa, nauyi ya ƙaru, ciwon ya tsananta.

Akwai wata dabara da masu gashin ƙashi a ƙasashe da dama suke amfani da ita don fita daga wannan tarko, wato motsa jiki tare da rage gudun jini. Asalinta daga Japan ne. A 1966 wani saurayi mai suna Yoshiaki Sato ya daɗe a zaune a kan dugadugansa wajen wani taron ibada na addinin Buddha, zama mai kama da namu na tahiya. Ya ji sha-raɓarsa ta ɗaure kamar yadda take yi bayan ya ɗaga ƙarfe, sai ya yi tunanin cewa matsewar jini ce ta jawo haka. Ya yi shekaru yana gwaji a jikinsa, ya sanya wa dabarar suna Kaatsu.

Yadda ake yi shi ne, ana ɗaura wata ɗamara mai faɗi, irin ta na'urar awon hawan jini, a can saman cinya ko saman damtse, a hura mata iska. Jini yana ci gaba da shiga ƙafar, amma komawarsa zuwa zuciya tana raguwa. Iskar da tsoka take samu sai ta yi ƙaranci, ta gaji da wuri, ta tashi sassanta masu ƙarfi waɗanda ba sa tashi sai an ɗauki kaya mai nauyi. Saboda haka kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya wadatar. Wanda iyakar ƙarfinsa kilo 20 ne, a maimakon kilo 14 zai yi aiki da kilo 4 zuwa 6. Tsarin da aka fi bi shi ne a ɗaga sau 30, a huta rabin minti, sannan a yi sau 15 har zagaye uku, kwana biyu ko uku a mako. Tsoka tana ƙaruwa, gaɓa kuma ba ta sha wahala ba.

Wannan shi ne amfaninta. Yanzu ga dalilin da ya sa muka ga wajibi ne mu yi maganarta a bainar jama'a. Hotunan wannan motsa jiki suna yawo a wayoyinmu, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya ga an ɗaure cinya, ya tashi ya yanko robar tayar keke ya ɗaure tasa. Muna roƙonku da girman Allah kada wanda ya yi haka. Ƙwararru ba da ka suke ɗaurewa ba. Suna fara auna matsin da zai tsayar da jinin mutum gaba ɗaya, sannan su tsaya a kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na wannan awo. Awon kuwa ya danganta da kaurin cinya da faɗin ɗamara, don haka lambar da ta dace da siriri ba ta dace da mai jiki ba, kuma ba a aron ta wani. Siririyar roba tana iya danne jijiya ta bar ƙafa da mutuwar jiki. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai kuma waɗanda dabarar take da haɗari a gare su ko da a hannun ƙwararre, sai likita ya tantance. Na farko masu hawan jinin da bai daidaita ba, domin ɗaurin yana ƙara hawan jini lokacin da ake motsin. Sai wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiyar ƙafa, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon sugan da ya taɓa masa jijiyoyi, da mace mai juna biyu. Abin lura shi ne, da yawa daga waɗannan cututtuka abokan tafiyar ƙiba ne. Sannan ga wanda ya fi shafarmu a wannan ƙasa, wato sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan larura, kuma ƙarancin iska a jini shi ne abin da yake tayar da ita. Wanda bai san rukunin jininsa ba, AA ne ko AS ko SS, bai kamata ya kusanci wannan ɗauri ba.

Mu kuma sani cewa ɗaurin ba ya narkar da kitse. Tsoka yake ginawa domin ƙafa ta iya ɗaukar mai ita. Rage nauyi yana nan inda yake tun fil azal, a cikin kwanon tuwo da kofin shayi da yawan takun da mutum yake yi a yini. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tafiyar rabin awa bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, ta cika minti 150. Tashi da zama a kan kujerar aji sau goma, ba tare da dafa komai ba, aikin cinya ne da ba ya bukatar ko sisi.

Saboda haka muna gabatar wa reshe shawarwari uku. A riƙa ajiye na'urar awon jini da sikeli da tef a duk taronmu, kowa ya san lambarsa kafin ya fita. Duk wanda bai san rukunin jininsa ba ya je Babban Asibitin Ringim a gwada shi, shi da iyalinsa. Wanda kuma gwiwa ta riga ta kama shi, ya nemi likita ya tura shi sashen gashin ƙashi, ko a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko asibitin ƙashi na Dala, ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, ya tambaya a can ko wannan dabara ta dace da shi. In an ce masa a'a, ya karɓa, akwai wasu hanyoyin.

Ga iyalanmu, musamman iyayen gida, ku ne kuke riƙe da ludayi. Rage mai da sukari da gishiri a tukunya taimako ne ga maigida, ba rowa ba ce. Mazaje kuma su ba malamai mata da matan gida dama da lokaci su taka ƙafa, domin ciwon gwiwa ya fi yawa a mata.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu kai ritaya da ƙafafunmu, mu yi sujada da goshinmu a ƙasa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.