Mu Leƙa Bakin Bahar Maliya: Garin Sharm al-Shaikh

Uwargida gyara zama, amarya matso da rediyon kusa, don yau da kunne za mu yi tafiya har ƙasar Masar.

Duk wadda ta taɓa sauka a Jidda ta san Bahar Maliya, ko da daga tagar jirgi ta hango shi. To can arewacin wannan tekun, a ƙarshen yankin Sina'i, akwai wani gari da ake ce wa Sharm al-Shaikh. A da 'yan masunta ne kawai a wurin. Isra'ila ta riƙe yankin daga 1967, sai a 1982 ya koma hannun Masar. Daga nan aka yi ta gina manyan otal-otal, har ya zama wurin hutun masu hannu da shuni. A nan ma aka yi babban taron duniya kan sauyin yanayi a watan Nuwamban 2022.

Za ki ce, to me ake zuwa gani? Bayan garin dai duwatsu ne da hamada, ruwan sama sai a daɗe ba a gan shi ba. Abin kallon yana ƙarƙashin teku. Kin san murjanin nan da iyayenmu suke sawa a wuya ranar biki? Ai wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa ne suke gina shi. Danginsa ne suka cika bakin tekun nan, wani kamar reshen bishiya, wani kamar faifai, kifaye masu launi iri-iri suna shawagi a tsakaninsu. Ire-iren kifin Bahar Maliya sun haura 1,000. Saboda wannan arziki ne a 1983 gwamnatin Masar ta keɓe wani wuri kusa da garin, mai suna Ras Muhammad, ta hana kamun kifi da ɗibar murjani a cikinsa.

Wasannin ruwa kuwa ba a magana. Akwai masu iyo a saman ruwa da gilashi a ido da ɗan bututun numfashi a baki. Akwai masu nutso da tukunyar iska a goye. Wasu kuma lema ake ɗaura musu, jirgin ruwa ya ja su har su tashi sama. Idan Allah ya sa maigida ya kai ki, kuma ba kya son shiga ruwa, akwai jirgi mai ƙasan gilashi. Kina zaune da hijabinki, yaranki a gefe, kina kallon komai a ƙarƙashinki. Sai dai in faɗa miki gaskiya, baƙi daga Turai suna da yawa, shigarsu ta bakin ruwa kuma ba irin tamu ba ce. Ku yi shawara da maigida tun daga gida, a bincika masaukin da ya dace da iyali.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki. Amana biyu ce a kanki a irin wannan wuri.

Ta farko murjanin nan. Wani irinsa a shekara guda bai fi ya ƙaru da santimita ɗaya ba, kamar faɗin farcenki. Idan yaro ya taka shi ko ya ɓalle don tsaraba, ya rushe ginin shekaru. Banda haka yana yanka, wani ma yana ƙuna kamar wuta. A kalla da ido, a bar shi inda yake.

Ta biyu, wadda ta fi girma, ita ce ran ɗanki. Kada yaro ya shiga jirgi ko ruwa ba tare da rigar da ke hana nutsewa ba. In an kafa jar tuta a bakin ruwa, ma'anarta kada kowa ya shiga. A sa wa yara takalmin roba, a yawaita ba su ruwan sha saboda zafin rana. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska kuma ya bari a kwana a wuni kafin ya hau jirgin sama. Sannan ki sani, yaron da ruwa yake ci sau da yawa ba ya iya ihu, shiru kawai za a ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Wata za ta ce, ni da ko tasha ba na zuwa, ina ruwana da teku? 'Yar uwa, rijiyar tsakar gidanki fa? Bahon wankin da kika bari cike da ruwa fa, ga mai rarrafe yana yawo? Kududdufin bayan gida da damina fa? A rufe rijiya, a zubar da ruwan baho da an gama aiki, kuma kada a bar wa ƙaramar yarinya tsaron ƙaninta a kusa da ruwa.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara, ku huta lafiya.