Lissafin Aƙida: Ina Mutum Na Biyu?



An ce in yi magana a kan yadda aƙida ke yaɗuwa, ni kuma na zo muku da lissafi. Kar kowa ya tsorata, ba jarrabawa ba ce. Ni kaina da ƙyar na haye lissafi lokacin difloma.

A 1978, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya ce kowane mutum yana da lambarsa, wato yawan mutanen da sai ya ga sun shiga abu kafin shi ma ya shiga. Wani lambarsa sifili ce, ko shi kaɗai ne zai fito. Wani sai ya ga mutum ɗaya. Wani sai ya ga hamsin. Akwai wanda sai gari ya tafi kaf sannan ya ɗauko hularsa.

Shi da tarzoma ya yi misali, amma lissafin ya hau kan duk abin da mutane ke shiga don ganin wasu. Ku ɗauka mutum 100 ne a fili: na farko lambarsa 0, na biyu 1, na uku 2, haka har 99. Na farko ya miƙe. Na biyu ya gan shi ya miƙe. Na uku ya ga biyu ya bi. Kafin ka ce kwabo, duka ɗarin sun miƙe.

To yanzu a cire mai lamba 1, a sa wani mai lamba 2. Mutum ɗaya tak aka canza. Na farko ya miƙe, ya waiga, shiru. Masu lamba 2 suna jiran mutum biyu, ɗaya suka gani. Shi ke nan, zance ya mutu. Gobe a ce wancan fili na jarumai ne, wannan kuma wani mahaukaci ne ya yi ihu shi kaɗai. Alhali mutum 99 ba abin da ya bambanta su!

Wani zai ce ai wannan a takarda ne. Mu je Jamus ta Gabas a 1989. Ranar 7 ga Oktoba gwamnatin gurguzu ta yi bikin cika shekara 40 da kafa ƙasar. Bayan kwana biyu, kimanin mutum 70,000 suka fito zanga-zangar lumana a birnin Leipzig. Litinin ta gaba suka kai wajen 120,000. Ranar 9 ga Nuwamba aka buɗe katangar Berlin. Masanin tattalin arziki Timur Kuran ya yi bayanin abin da ya sa ba a hango shi ba: mutane sun daɗe suna ɓoye abin da ke ransu, kowa na zaton shi kaɗai ne. Ba a wata ɗaya zukata suka juya ba, ganin juna suka yi.

A 2018 kuma Damon Centola na Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa suka gwada abin a intanet. Rukunin mutane sun daidaita a kan sunan da za su kira wani hoto, sai aka shigo da 'yan tsiraru da suka kafe a kan wani suna daban. Da suka kai kusan kashi 25 cikin 100, sauran suka bi su.

Amma fa a yi hattara da wannan 25 ɗin, kar in ji wani ya hau Facebook yana cewa an gama. Sunan hoto daban, abin da mutum ya gada daga iyayensa daban. Sannan lissafin nan bai san gaskiya da ƙarya ba. Yadda yake ɗaukar aƙida mai kyau, haka yake ɗaukar jita-jita da camfi.

Inda abin ya shafe mu shi ne, masu lamba sifili muna da su, ga mu nan cike da ɗakin nan. Muna ta tafa wa juna, muna kuma ɓata dare wajen musu da mai lamba 99. Shi mai lamba 1, wanda ya yarda a zuci amma yake jiran ya ga fuska ɗaya da ya sani, ba mai zuwa wajensa. Yana majalisarku, yana tashar babur, wata ma a gidanku take.

Kafin zama na gaba, kowa ya nemo mutum biyu irin wannan a mazaɓarsa. Ba saƙon waya ba, ka je da ƙafarka ya gan ka. Sakatare zai karɓi rahoto.