Jawabi Kan Zaɓen Ƙananan Injuna Don Ayyukan Ɗalibai



Kuɗin da ake ware mana na kayan aikin ɗalibai bai taka kara ya karya ba. Inji ɗaya in ya ƙone, aikin zango guda ya tafi. Saboda haka tun ran gini ran zane.

Injin lantarki maras burushi iri biyu muka fi samu a kasuwa. Lambar KV da ke jikinsa tana nuna yawan juyinsa a minti guda kan kowane bolt. Na jirgi maras matuƙi, mai KV 2300, don gudu aka ƙera shi. Yana zuƙar wuta har ya iya ƙona allon sarrafawa. Wanda ya dace da hannun mutum-mutumi shi ne irin mai riƙe kyamara, mai KV wajen 100, domin yana juyawa a natse, cin wutarsa kuma kaɗan ne.

Sai ma'aunin juyi, wanda ke sanar da allon inda sandar injin take. AS5600 yana raba zagaye ɗaya gida 4096, ya wadatar da ɗalibanmu. Amma yana buƙatar maganaɗisu wanda arewa da kudunsa suke gefe da gefe, ba sama da ƙasa ba. A saita shi daidai tsakiyar sandar, kada tazararsa da ma'aunin ta wuce milimita 3.

Shawararmu ita ce mu fara sayen guda, mu gwada, sannan makarantunmu su haɗa kuɗi a sayo sauran tare.

Allah ya yi mana jagora.