Haƙƙin ma'aikaci a wuyan mai gida: abin da dokar aiki ta ɗora mana



Bayan gaisuwa ga malamanmu da iyayenmu da suka halarci wannan zama, magana tawa yau da ku take, matasa maza da mata. Da yawa daga cikinku sun kama sana'a, alhamdu lillahi. Wani ya buɗe shagon ɗinki, wani na walda, wata tana da wurin sayar da abinci, wasu sun haɗa kai sun kafa makaranta. Da kasuwa ta fara buɗewa sai ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu su taya ka. To, daga ranar nan ka zama mai gida, kuma akwai abin da ya hau kanka, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Mun saba da cewa "ai yarona ne", ko "ɗan ƙanwata ne, taimaka mishi nake". Dokar aiki ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba ta duba sunan da ka kira shi da shi. Abin da take dubawa shi ne: yana aiki ƙarƙashin umurninka, kana biyan shi? In haka ne, ma'aikaci ne, ko mutum ɗaya ne tak a shagon. Su ma malamanmu na fiƙihu, a babin ijara, sun sharɗanta a san aikin a kuma san ladan tun farko. Ke nan ba baƙon abu aka kawo mana ba.

Na farko, a rubuta. Wane aiki, ƙarfe nawa zuwa nawa, albashi nawa, yaushe za a biya. Takarda guda ta isa, kowa ya sa hannu ya riƙe tashi. In aikin na ɗan lokaci ne, kamar malamin da aka ɗauka don shekarar karatu ɗaya, wajibi ne kontara ta zama a rubuce, kuma wa'adinta ba ya wuce shekara 2, ana iya sabunta ta sau ɗaya. In ba a rubuta ba, ranar da rigima ta tashi za a iya ɗaukar ta kamar aikin da ba shi da wa'adi, sallama kuwa ta ƙara nauyi. Shi ma ɗan koyo ana rubuta mishi tashi yarjejeniyar, kuma ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da sunan koyo ne.

Na biyu, albashi. Gwamnati tana tsaida mafi ƙarancin albashi, wanda ake kira SMIG. A 2012 an tsaida shi a kan sefa 30.047 a wata, daga baya aka ɗaga shi zuwa 42.000. Wanda ke maka cikakken aiki ba ya halatta ka biya shi ƙasa da haka, ko da shi ya yarda, don mun san yunwa ce ke sa mutum ya yarda da kome. In biyan wata ne, kar ya wuce kwana 8 bayan ƙarshen wata. Ka ba shi takardar biya, ya sa hannu cikin littafinka. Sannan doka ta hana mai gida cin tarar ma'aikaci. Wannan ɗabi'ar ta "ka makara, na yanke jika ɗaya", a bar ta. Akwai jan kunne, akwai gargaɗi a rubuce.

Na uku, lokaci. Awa 40 ne aikin mako a doka. Abin da ya ƙaru a kai, ana biyan shi da ƙari. Ma'aikaci yana da hutun awa 24 a jere kowane mako, da hutun shekara da ake lissafawa kwana biyu da rabi a kowane wata, wato kwana 30 ke nan, kuma albashinshi na tafiya. Ƴar uwarmu da ta samu juna biyu tana da mako 14 na haihuwa, 8 daga ciki bayan ta sauka, ba a korar ta saboda cikin. In ta dawo, tana da awa ɗaya kullum ta shayarwa har jariri ya cika shekara. Masu makarantu, ku ji wannan da kyau, tunda yawancin malamanku mata ne.

Na huɗu, asusun CNSS. Nan ne mutane ke ja da baya, don kuɗi ne ke fita. Mai gida yana yin rajistar kanshi da ta ma'aikatanshi, yana zuba kashi 16,40 cikin ɗari na albashi, ana cire kashi 5,25 daga na ma'aikaci. Mu yi lissafi tare. Albashin jika 60: kai ka zuba sefa 9.840, shi a cire mishi 3.150. Mi ake samu? Abu uku: kuɗin iyali, kulawa in haɗarin aiki ya faru, da fansho in tsufa ya zo. Ku ɗauki mai walda da injin yanka ƙarfe ya cire mishi yatsu, ko magini da ya faɗo daga bene. In yana da rajista, ka kai rahoto cikin awa 48, asusun ya ɗauki magani da diyya. In babu, daga aljihun wa za su fito? Wani sai ya saida kayan shagon, wani kuma ya zame ya bar ɗan mutane da nakasa da iyali. Wanda ya cire kason ma'aikaci kuwa ya ƙi kaiwa asusun, wannan ba shi da wani suna sai cin amana.

Na biyar, rabuwa. Zama da mutum ba dole ba ne, amma ba a wayi gari a ce "kwashe kayanka". Sai da dalili na gaskiya, a sanar da shi a rubuce, a ba shi wa'adi ko a biya shi kuɗin wa'adin, a biya shi kwanakin hutun da bai ci ba, da kuɗin sallama in ya cika sharuɗɗansu. Babban laifi, kamar sata da aka tabbatar, yana iya kawar da wa'adin. Ko yaya aka rabu, ka ba shi takardar shaidar aiki, da ita zai nemi abinci gaba. In an kasa fahimtar juna, akwai ofishin sufeton aiki a Maradi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, aikinsu sulhu ne. In sulhu ya ƙi, sai kotun ma'aikata. A can za a tambaye ka takardu, kuma mai gidan da bai rubuta kome ba shi ke shan wahala.

Na san abin da wasu ke faɗi cikin ransu: "Malam, jarin nawa duka nawa ne?" Gaskiya ne, kasuwa da wuya. Amma albashi da kason CNSS kamar kuɗin haya ne da na lantarki, tun kafin a buɗe shago ake sa su cikin lissafi. In kuɗinka na mutum ɗaya ne, ɗauki ɗaya ka biya shi cikakke, ya fi ka tara uku kana biyansu da "yi haƙuri". Ribar da ta fito daga haƙƙin mai gadi ba riba ba ce, bashi ne, kuma za a biya shi nan ko can.

Mu ma a ƙungiyance mu duba kanmu. Mai gadin cibiya, mai shara, malaman da ke koyar da ƙannenmu, kar mu ce "aikin Allah ne" mu riƙe musu albashi wata biyu. Wanda ya zo sa kai daban, wanda aka ɗauka aiki daban.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Cikin makon nan kowa ya sayi littafi guda, ya rubuta sunan duk wanda ke mishi aiki, da ranar da ya fara, da abin da yake biyan shi. Ya zauna da shi su rubuta yarjejeniya. Sannan ya je ofishin sufeton aiki da na CNSS na jiharshi ya nemi bayani da ƙafarshi, kafin a aiko mishi da sammaci. Ku kuma da kuke yi wa wasu aiki, ku riƙe naku ɓangaren: ku zo kan lokaci, ku kiyaye dukiyar da aka damƙa muku, ku nemi haƙƙinku da ladabi.

Allah Ya sa albarka cikin sana'o'inmu, Ya raba mu da haƙƙin mutane. Wassalamu alaikum warahmatullah.