Jawabin Yaye Ɗaliban Farfaɗo da Zuciya da Buɗe Awon Zuciyar Matasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban Ƙaramar Hukuma. Malamanmu masu daraja. Shugabannin makarantu da masu horar da 'yan ƙwallo. Iyaye maza da mata. Da ɗalibanmu da muke yayewa yau.

Abu biyu suka tara mu: yaye waɗanda suka koyi farfaɗo da zuciyar da ta tsaya, da buɗe awon zuciya ga matasanmu.

Manyan da ke nan ba su manta da 12 ga Agusta 1989 ba, ranar da ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas ana karawa da Angola, yana ɗan shekara 25. A 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi ya rasu ana wasa a Faransa. Bincike ya nuna naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da ƙima, ciwon da galibi gadonsa ake yi, kuma mai shi kan shekara da shekaru bai sani ba. A Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya rasu a Lafiya ana wasa da Katsina United. A Yuni 2021 kuwa Christian Eriksen na Danmak ya yi irin wannan faɗuwa, aka hau danna ƙirjinsa nan take, aka ɗora masa na'urar da ke tayar da zuciya da wutar lantarki. Ya farfaɗo, har ya koma taka leda.

Rai na hannun Allah, amma Shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi. Idan zuciya ta tsaya, cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa za ta fara lalacewa. Kowane minti da ya wuce babu taimako yana rage damar tsira da kusan kashi 10 cikin ɗari. Motar asibiti ba ta cika isowa a wannan ɗan tsakani ba, don haka aikin yana wuyan wanda ke tsaye kusa.

Mun san halinmu. Idan wani ya faɗi, sai a yi cincirindo, wannan ya kwara ruwa, wancan ya hau fifita, wani ya ce iska ce, sannan a kinkimi yaro a cusa a adaidaita sahu. Duk tausayi ne, amma babu abu ɗaya a ciki da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Ɗalibai, ku kun san abin yi. Idan aka girgiza mutum bai amsa ba, kuma babu numfashi sai kakari, ku nuna mutum ɗaya ku ce ya kira 112 ya kuma nemo mota. Ku kwantar da shi a ƙasa mai tauri, ku ɗora tafin hannu bisa tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ku danna ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Kada tsoron karya haƙarƙari ya tsayar da ku, karaya tana warkewa.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Tun 1982 Italiya ta wajabta awon zuciya ga masu shiga gasar wasanni, kuma a yankin Beneto mutuwar farat ɗaya tsakaninsu ta ragu da kusan kashi 89 cikin ɗari. Iyaye, ku kawo mana yaron da ya taɓa suma yana gudu, da mai kukan ciwon ƙirji a wurin wasa, da wanda wani a danginsa ya faɗi ya mutu da ƙuruciya. Awon kuwa tambayoyi ne, da awon hawan jini, da gwajin zuciya na ECG, wanda babu allura babu zafi.

Ranka ya daɗe Shugaba, muna roƙon a ajiye na'urar tayar da zuciya a filin wasa da manyan makarantu. Muna roƙon jami'an tsaro kada wanda ya kai ɗauki ya kwana yana amsa tambayoyi. Malamai, ku kai wannan saƙo mumbari, kuma a bar mata su zo su koya, domin a cikin gida su ne a kusa.

Da izinin mai girma Hakimi, na yaye waɗannan ɗalibai, na kuma buɗe wannan awo. Allah ya sa albarka, ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gida lafiya.